Kafin ka buɗe wa mutum akawun a kwamfutar sojoji: bayanan da za ka karɓa da yadda za ka riƙe su

Satin da ya wuce wani yarona da na koya wa harkar netwok tun yana matsa kan waya a shago a Beirut Road ya same ni bayan la'asar fuska a yamutse, wai kamfanin da ya ɗauke shi sun samu kwangilar kula da kwamfutoci a wani waje na jami'an tsaro, kuma shi aka haɗa da wani jami'i su riƙa shirya takardun waɗanda za a ba izinin shiga. Ya ce Oga wallahi ban san ta ina zan fara ba, kowa zuwa yake ya ce a buɗe masa akawun, wani ma ba zai zo ba sai dai ya kira waya ya ce kai ne yaron kwamfuta ko, to ga sunana. Na ce ja benci ka zauna. Abin da na faɗa masa ne zan maimaita a nan, don na san akwai ire-irensa da yawa, ƴan kwangila da ƴan bautar ƙasa da ake turawa irin waɗannan wurare ba tare da an zaunar da su ba.

Ka fara saka wannan a ranka, kwamfuta ba ta san fuska ba. Sojan da ke bakin get a barikin Bukavu ko na Janguza yana da ido, zai kalle ka ya kalli katinka, in bai gamsu ba ya ce koma gefe. Ita kuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akawun da bayanan kowa, suna da lambar sirri kawai take gani, duk wanda ya kawo su daidai a wajenta shi ne, ko da yaro ne ɗan firamare da ya tsinci takarda a aljihun rigar babansa. To duk wannan tara bayanai da ake yi dalilinsa ɗaya ne, a ɗaure akawun guda da mutum guda mai rai, wanda in wani abu ya faru ƙarfe biyun dare an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In ka riƙe wannan, kai da kanka za ka gane me ya kamata ka tambaya, me kuma bai shafe ka ba.

Zan riƙa misali da tsarin ma'aikatar tsaron Amurka, don fom ɗinsu a fili yake a intanet kowa zai iya saukewa ya duba. Sunansa DD 2875, kuma kashi huɗu ne. Kashi na farko mai nema ke cikewa, na biyu ogansa da mai mallakar bayanan, na uku jami'in tsaro da zai tabbatar an binciki mutumin, na huɗu kuma masu buɗe akawun, wato irin ka. Ka lura kai ne na ƙarshe. Ba kai ke yanke wa zai shiga ba, kai dai kana buɗewa ne bayan hannu uku sun sauka a takarda. In wajen da kake suna da nasu fom to shi za ka bi ba musu, in kuma aka ce ka tsara, wannan jerin ya ishe ka abin kwaikwayo.

Me za ka tambaya a kashin mai nema

Cikakken suna, muƙami ko matsayi, sashen da yake aiki, lambar wayar ofis, imel na aiki, ɗan wace ƙasa ne, sannan soja ne ko farar hula ko ɗan kwangila. Sai sunan ainihin tsarin da yake son shiga, da kuma irin buƙatar, sabuwar buɗewa ce, gyara ne, ko rufewa. Sai ranar da ya yi horon kiyaye sirri, don su can duk shekara sai ka sake shi, in ya wuce ba ka sabunta ba akawun ɗinka na iya tsayawa. Sai sa hannu da kwanan wata. Kusan shi ke nan fa. Babu sunan matarka, babu ƴaƴa nawa gare ka, babu lambar asusun banki.

A kan suna zan ɗan daɗe, don a nan mu ƴan Kano muke shan wahala. Ka shiga aji ɗaya a BUK ka kira Abdullahi Muhammad ka ga hannu nawa za su tashi. Ga kuma rubutun, yau Muhammad gobe Mohammed jibi Muhd, a takardar firamare Sani ne a katin ɗan ƙasa Muhammad Sani, wani sunan unguwarsu ya maƙala a ƙarshe, Gwale ko Fagge ko Ɗorayi, wani kuma na kakansa. Ranar haihuwa kuwa rabin gari 1 ga Janairu aka haife su. Saboda haka suna shi kaɗai ba ya isa ya bambance mutum, dole ka haɗa da lamba da ba ta maimaituwa, lambar aikin soja ga soja, lambar ma'aikaci ga farar hula, ko NIN mai lamba 11 idan tsarin wajen ya tanadi haka. Kuma ka rubuta sunan harafi da harafi yadda yake a katin da ya nuna maka, ba yadda ake kiransa a majalisa ba. In ka ga sunan fom daban na kati daban, ko da harafi biyu ne, kar ka gyara masa da bironka don tausayi, mayar masa ya je ya daidaita. Zai ji haushi, zai ce ai ni ne dai, ka ce na sani Yallaɓai amma na'ura ba ta sani ba.

Kuma da idonka za ka ga mutumin da katinsa na asali. Hoton kati a WhatsApp ba shaida ba ne, fotokwafin da ya sha ruwa ba shaida ba ne. Ka riƙe katin, ka kalli hoto ka kalli fuska.

Lambar waya ma akwai magana. In tsarin yana tura lambar tabbatarwa ta saƙon tes, tambaye shi layin nan da sunan wa aka yi masa rajista. Za ka sha mamaki, wani layin yayansa ne, wani na matarsa, wani ya siya ne da rajistarsa a gefen titi tun kafin a tilasta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020. Ga shi kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, to ka ga lambar shiga za ta iya faɗawa hannun wani bawan Allah a Ibadan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan kenan ban ma yi zancen barin waya a wajen mai caji ba, ko kai ta gyara Farm Centre ba a cire sim ba, wanda kowa a cikinmu ya taɓa yi, har ni.

Abin da ba za ka tambaya ba

Nan ne yawancin yara ke zaƙewa, suna ganin yawan tambaya shi ne ƙwarewa. Ka ga fom an jera addini, ƙabila, BVN, sunan uwa kafin aure, rukunin jini, duk don a buɗe wa mutum imel na ofis. Kowane layi ka tambayi kanka, in na cire wannan zan kasa gane mutumin ko in kasa yanke masa iyaka? In amsa a'a ce goge shi. BVN dai na harkar banki ne, babban banki ya kawo shi a 2014, ba shi da alaƙa da shiga saba. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu ranar 12 ga Yuni 2023 ta ware wasu bayanai a matsayin masu haɗari na musamman, ciki har da zanen yatsa da makamantansa, da addini, da ƙabila, da lafiya, da ra'ayin siyasa. Gaskiya ne dokar ta ɗaga wa hukumomi ƙafa a wasu sassa idan aikin tsaron ƙasa suke, amma kai da ke kamfanin kwangila kar ka fake da wannan ka ce an yafe maka komai, ka yi aiki kamar za a zo a tambaye ka gobe.

Su kansu Amurkawa da sun daɗe suna buga lambar ɗan ƙasa ta mutum a jikin katin soja, wadda da ita ake karɓar bashi a buɗe asusu, daga baya suka ga ɓarnar da hakan ke jawowa, daga 2011 suka fara cire ta suna sa wata lamba mai guda 10 ta ma'aikatar kaɗai. Ko an tsinci katin ba za a je banki da ita ba.

Sannan a saman fom ka rubuta wa mutum dalili cikin harshen da zai gane. Fom ɗin Amurkawan yana ɗauke da wannan saboda dokarsu ta sirrin bayanai ta 1974, suna faɗin wace doka ta ba su ikon tambaya, me za a yi da bayanan, wa za a iya nuna wa, sannan su ce bayarwa ganin damarka ne amma in ka ƙi buƙatarka za ta iya makalewa ko a ƙi ta gaba ɗaya. Layi huɗu ne kacal amma yana kashe rigima da yawa, don mutumin da aka gaya wa dalili ba ya tsayawa yana maka kallon ɗan leƙen asiri.

Kashin oga, inda kara ke kashe aiki

A nan ake rubuta hujja, me ya sa wannan mutumin yake buƙatar shiga wannan wajen. Kar ka karɓi "don aiki" a matsayin hujja, kowa ma don aiki ya zo. A rubuta wane aiki, shigar da lissafin man motoci ne, duba jadawalin hutu ne, gyaran firinta ne. Daga hujjar ne za ka san iya ƙofar da za ka buɗe. Mai lissafin mai ba ruwansa da fayil ɗin albashi, na albashi ba ruwansa da ma'ajiyar makamai. Kuma akwai bambanci tsakanin an yarda da kai da kana da buƙatar sani. Mutum zai iya zama an bincike shi tsaf an ba shi izinin ganin sirri mai girma, amma in aikinsa na yau bai taɓa wannan fayil ba to ba zai gani ba. Girman muƙami ba ya maye gurbin wannan.

To ga inda matsalarmu take. Mu mutane ne masu kara, babba ya shigo ofis ya dafa kafaɗarka ya ce ɗana buɗe wa yaron nan nawa yanzu takardar za ta biyo baya, kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a. Wallahi takardar nan ba za ta biyo baya ba, na gani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ranar da abu ya ɓaci kuwa shi ba zai tuna ya dafa ka ba, sunanka ne a rajista cewa kai ka buɗe. Dabarar da nake koya wa yara ita ce kar ka ce a'a, ka ce to ranka ya daɗe an gama, ga fom ɗin nan a hannuna minti biyu ne, in ka sa min hannu a nan kafin ka kai mota na buɗe. Ka ga ba ka yi rashin kunya ba, kuma ka mayar da nauyin inda ya dace. Wanda da gaske yake zai sa hannu, wanda kuma ya san akwai lauje cikin naɗi zai ce bari zan aiko, shi ke nan ka huta.

A wannan kashin kuma ake bambance akawun na gama-gari da na admin. Na admin shi ne makullin gida gaba ɗaya, don haka masu riƙe shi su zama ƴan kaɗan da za ka iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya, kuma kowane admin ya kasance yana da akawun biyu, ƙarami na karanta imel da harkar yau da kullum, babba sai lokacin da zai taɓa saba. Kai ma da kake karanta wannan haka za ka yi wa kanka. Ka duba manyan fallasar da aka yi wa Amurka, da ɗan gari aka ci gari. Edward Snowden a 2013 ɗan kwangila ne mai kula da tsarin kwamfuta, kuma wata takardar NSA, hukumar leƙen asirin Amurka da yake yi wa aiki, da ta fito a 2014 ta nuna wani ma'aikaci ya amsa cewa shi ya shigar da lambar sirrinsa a kwamfutar Snowden da ya roƙe shi, alfarma ce ta abokin aiki, ta ci aikinsa. Jack Teixeira da aka kama a Afrilun 2023 yaro ne ɗan shekara 21 mai aikin netwok a rundunar sama ta wata jiha, yana kwasar takardun sirri yana zubawa abokansa a manhajar hira ta Discord, a Nuwamban 2024 aka ɗaure shi shekara 15, kuma rundunar ta hukunta mutum 15 a kan lamarin, ciki har da na sama da shi da suka ga alamu ba su kai rahoto yadda ya kamata ba. Dukkansu irin aikinmu suke yi fa, ba janar ba ne ko ɗaya.

Ɗan kwangila kuma dole a rubuta sunan kamfaninsa da lambar kwangila da ranar da za ta ƙare, kuma wannan ranar ka saka ta a cikin tsarin tun ranar buɗewa yadda akawun zai mutu da kansa. Ɗan bautar ƙasa ma haka, ka san shekara ɗaya zai yi. Kar ka dogara da cewa za ka tuna.

Kashin bincike ba naka ba ne

Wannan a taƙaice. Binciken asalin mutum, tarihinsa, ko ya taɓa laifi, su wa yake hulɗa da su, aikin jami'an da aka ware ne. Kai abin da kake buƙata daga gare su shi ne an bincika ko ba a bincika ba, wane mataki aka ba shi, yaushe, da sa hannu. Kar ka nemi kwafin rahoton ka ajiye a durowarka, ba ka da buƙatarsa, kuma kaya ne mai nauyi.

Ranar buɗewa

Sunan shiga ya bi tsari ɗaya ga kowa, kuma kar ka sake amfani da na wanda ya tafi. Babu akawun na ofis da mutum shida ke rabawa, irin wanda ake rubuta lambar sirrinsa a takarda a manna a ƙasan kibod, don ranar da aka goge fayil kowa zai rantse ba shi ba ne kuma dukkansu za ka ga kamar gaskiya suke faɗa. Lambar sirrin farko ka ba shi hannu da hannu, tsarin ya tilasta masa canzawa a shigar farko, daga nan kai kanka kar ka san ta. In ya ce riƙe min ita ko zan manta, ka ce a'a, in ka manta ka zo da katinka in sake maka wata.

In da hali a haɗa abu biyu, abin da mutum ya sani da abin da yake riƙe da shi. Su can Amurka kati ne mai ƙwaƙwalwa da suke kira CAC, ka zura shi a na'ura ka danna PIN mai lamba 6 zuwa 8, ka yi kuskure sau uku ya kulle sai ka je ofis da ƙafarka an duba yatsanka kafin a buɗe, ka zare katin kuma kwamfuta ta rufe kanta. Har launi suka sa, koren layi ɗan kwangila, shuɗi wanda ba ɗan ƙasa ba, tun daga nesa an san ajin da kake. Abin da ya fi burge ni shi ne zare katin nan, don mu a nan da an kira azahar kowa sai ya tashi ya bar allo a buɗe. In ba ku da kati to ka saita allo ya kulle kansa bayan ƴan mintuna, za su yi ta mita sati ɗaya daga nan su saba.

In kuna ɗaukar yatsa, ɗauki fiye da ɗaya kuma daga hannu biyu. Lokacin hunturu fata na bushewa ta tsattsage na'ura ta yi ta ƙin karɓa, haka wanda ke aikin ƙarfi zanen yatsansa kan shafe, wata kuma ta zo da lalle ya kama sosai. Ka tanadi hanya ta biyu a rubuce tun kafin ranar, ba sai layi ya taru ana maka tsawa ka ce to kowa ya wuce ba.

Kafin ya tashi ya sa hannu a takardar sharuɗɗa, ba zai ba kowa lambarsa ba, ya san ana ajiye tarihin duk abin da ya yi, ba zai zura filashinsa na gida ba. Zancen filashi ba wasa ba ne, a 2008 filashi guda da aka zura a laftof a wani sansanin Amurka a Gabas ta Tsakiya ya sa ƙwayar cuta ta bazu har cikin netwok ɗinsu na sirri, sai da suka yi wajen wata 14 suna shara, suka hana filashi gaba ɗaya na wani lokaci. Kuma ka gaya masa a nan gida ma akwai doka, ta laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya kutsa tsari ba izini ya ɗebi bayanan da suka shafi tsaron ƙasa, ga kuma tsohuwar dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ranta.

Yanzu kuma kai ne abin farauta

Abin da yarona bai hango ba kenan sai da na nuna masa. Duk fom ɗin nan da ka tara, sunaye da muƙamai da lambobin waya da wa ke da makullin me, in aka haɗa su waje ɗaya sun fi akawun ɗin mutum guda daraja a wajen maƙiyi, don taswira ce ta wa za a yaudara, wa za a saya, wa za a tsorata. A 2015 aka gano an kutsa ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka aka kwashe bayanan binciken mutum miliyan 21.5, da zanen yatsun mutum miliyan 5.6, shugabar ofishin ta sauka a watan Yulin shekarar. Lambar sirri in an sace ka canza, yatsa fa, da me za ka canza shi? Kafin nan a 2006 wani ma'aikacin hukumar tsofaffin sojojin Amurka ya tafi gida da laftof da faifan ajiya mai bayanan mutum miliyan 26.5, ɓarayi suka fasa gidan suka ɗauke. Shi ma dai cewa ya yi bari in ƙarasa aiki a gida.

Saboda haka fom na takarda ya shiga kabad mai makulli, makullin a san hannun wa yake. Na kwamfuta a kulle shi da tsarin ɓoye rubutu, a saba ta wajen, ba a laftof ɗinka ba, ba a Gmail ɗinka ba, ba a Google Drive ɗin da ka buɗe tun kana dalibi ba. Kar ka ɗauki hoton fom da wayarka don ka tura wa oga, wayar nan tana ɗora hotuna sama da kanta ba ka sani ba, ga yara na karɓa su yi gem. In firintar ofis ta lalace ko an ɗauke wuta, haƙuri za ka yi, kar ka sake ka kai shagon fotokwafi. Ka taɓa zama a kafe a Kabuga ko Zoo Road ka kalli allon kwamfutarsu? Cike yake da katin ɗan ƙasa da fasfo da sakamakon jarrabawar mutane da aka yi sikanin aka bari. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya ce su goge ne kawai.

Kuma shi kansa kundin a rubuta wa ya buɗe shi da yaushe. In kuma ƙaddara ta faɗa ka ga alamar an taɓa shi ko fom ya ɓata, a take za ka sanar da na sama da kai, ba gobe ba. Dokar 2023 awa 72 ta ba mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan ɓarakar za ta iya cutar da mutane, ka ga in ka ɓoye kwana biyu kana addu'ar ya bayyana ka cinye wa kamfaninku lokaci.

Wani abu da ya ɗan fita daga layi amma bari in faɗa tunda ƙannenmu na faɗawa, duk lokacin ɗaukar sababbin sojoji sai ka ga link na yawo a guruf ana cewa cike nan ka tura NIN da BVN da kuɗin fom. Rundunar sojan ƙasa ta sha nanata cewa neman shiga kyauta ne, kuma adireshin shafinta da army.mil.ng yake ƙarewa. Wanda ya kira ka ya ce daga sashen kwamfuta yake ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, kashe kawai, admin na gaskiya ba ya buƙatarta. Ka gaya wa duk wanda ka buɗe wa akawun wannan da bakinka, har ka ce masa ko muryata ka ji kar ka bayar.

Rufewa

Kowa na son buɗewa, rufewa ce ba mai tunawa. Soja kullum cikin canjin wajen aiki yake, yau yana Kano wata mai zuwa Maiduguri ko Jaji, akawun ɗinsa kuma yana nan a buɗe shekara biyu ba mai taɓawa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga. Ka roƙi ofishin da ke kula da ma'aikata su saka sa hannunka a cikin takardar sallama, yadda ba wanda zai bar wajen sai ya biyo ta teburinka ya ajiye kati an rufe masa. Wanda aka kora ko aka dakatar kuwa a rufe kafin ma a gaya masa. Wanda aka canza wa sashe a cire masa izinin tsohon sashe kafin a ƙara na sabo, in ba haka ba bayan shekara biyar za ka tarar da mutum ɗaya yana shiga ko'ina.

Duk wata uku ka fitar da jerin masu akawun ka kai wa kowane shugaban sashe nasa, ya bi suna ɗaya-ɗaya ya ce wannan yana nan, wannan ya tafi, wannan ma Allah ya yi masa rasuwa tun azumi. Wanda ya yi wata guda ko fiye bai shiga ba a dakatar da shi har sai ya zo da kansa. Karon farko da za ka yi wannan sai ka riƙe baki.

Fom ɗin wanda ya tafi kuma ba a zubarwa a ranar, ana ajiye shi iya wa'adin da ƙa'idar wajen ta ce don ko bincike zai taso, in wa'adi ya cika a lalata shi a gaban shaida a rubuta. Na ce a lalata, ba a jefa a kwandon shara ba, don kai ma ka san inda takardun ofis ke ƙarewa a garin nan, ni da kaina an taɓa naɗe min ƙosai a takardar da ke ɗauke da sunan wani da lambar wayarsa da hotonsa. In akwai injin yanka takarda a yanka, in babu a samu tsohon duro a bayan ofis a cinna wuta, ka tsaya a wajen da sanda kana juyawa har sai ta cinye, don takarda in ta yi kauri tsakiyarta ba ta ƙonewa.